Takalmi a Ƙofar Ɗaki: Jinjina ga Malam Abdulganiyu Ketare

Duk wanda ya saba sallar asuba a masallacin unguwar su Malam Abdulganiyu a Ketare ya san shi ba ya zama hirar bayan salla. Da an shafa addu'a zai zura takalminsa ya nufi gida, ya sha kokonsa a tsaye, ya goge tabarau da gefen riga, sannan ya ɗauko wata tsohuwar jakar fata da ta ga shekaru. A cikinta akwai sukundireba uku, da ɗan burushi, da wayoyi a nannaɗe, da ƙullin dabino. A wuyansa kuwa akwai filash, ɗan abin ajiye bayanan kwamfuta, rataye da igiya, wanda baƙo zai rantse laya ce. Kafin rana ta ɗaga ya tayar da babur ɗinsa, wanda shi ma sai an lallaɓa shi yake tashi, ya kama hanya.

Litinin da Talata yana ƙauyukan Kankara. Laraba ya gangara Faskari ya kwana, Alhamis ya shiga Sabuwa. Ko ina yake, da la'asar ta gabato zai fara haɗa jaka, domin hanyoyinmu kowa ya san ba a yi musu yamma. Aikinsa shi ne duba kwamfutocin ƙananan asibitocin karkara, waɗanda ake shigar da bayanan masu awon ciki da yaran riga-kafi a cikinsu. A wannan watan ya cika shekara talatin da biyar yana aiki, ya ajiye. Babu wanda zai buga kalanda da hotonsa, shi ya sa muka ga ya dace a rubuta wani abu kafin a manta.

Malam bai tashi da kwamfuta ba. Da tafireta ya fara, yana buga wasiƙu a sakatariya tun yana saurayi, har yau kuma idan ana hira sai ya jawo zancenta, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Abin da yake yaba mata shi ne ƙararrawarta. In ka kusa ƙarshen layi sai ta ce ƙil, ka san inda kake ko idonka yana kan wata takarda. Da kwamfuta ta zo, abokan aikinsa da yawa suka ja baya, shi kuwa ya ja kujera ya zauna a gabanta har ta saba da shi. Amma bai taɓa daina yi mata ƙorafi ɗaya ba, wai ta cika zurfin ciki, ta san abu amma ba ta faɗa da ƙarfi.

Wanda bai saba da kwamfuta ba, bari a yi masa bayani a taƙaice. A can ƙasan allonta akwai wani dogon layi a kwance, inda ƙananan hotuna suke jere. Duk aikin da mutum ya buɗe yana da wurin zamansa a kan layin nan, shi ya sa Malam yake ce masa dakali. A kwamfutocin asibitocin da yake dubawa, kowace mai ciki tana da katinta, kuma kowane kati yana buɗewa a shafinsa daban. Sai dai ko kati biyar ka buɗe, dukansu a bayan hoto ɗaya suke taruwa a kan dakalin. Abin da kawai zai nuna maka akwai wani abu a buɗe shi ne wani ɗan siririn layi mai ruwan toka, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Katunan kuma duk kamanninsu ɗaya, sunan mai katin yana can sama da ƙananan baƙaƙe. Haka kowa ya gan shi, haka kowa ya bar shi.

A wani ƙaramin asibiti da ke ƙauye gefen Damari akwai wata dattijuwa, Hajiya Mero, wadda ita ce mai riƙe da katunan. Shekara ashirin da shida ta yi tana rubuta su da biro kafin a kawo mata na'ura, kuma babu matar da ta taɓa cewa katinta ya ɓata a hannunta. Ta koyi kwamfuta da yatsa biyu, a hankali, tana motsa baki. Saura mata shekara uku ta ajiye aiki sai abin ya faru, a shekarar da aka rufe layukan waya a yankinmu gaba ɗaya.

Ranar Alhamis ce, ranar awo, asibitin ya cika. Ta gama da katin wata Bilkisu, ta danna inda take zaton rufewa ne, ashe naɗe shi kawai ta yi, ya sauka kan dakali ya lafe. Ta buɗe na wata Suwaibatu, wadda ungozoma ta auna ta ga jininta ya ɗan hau, ta ce ta dawo bayan kwana uku. Kafin Hajiya ta rubuta, wata mata ta yanke jiki ta faɗi a baranda, kowa ya yi kanta. Da ta dawo ta danna hoton nan guda ɗaya na kan dakali, kati ya fito, ta rubuta hawan jinin, ta adana. Katin Bilkisu ne.

Kwamfutar ita ke fitar da sunayen waɗanda za a bi har gida in ba su dawo ba, tunda ba waya. Kwana uku suka cika, Suwaibatu ba ta dawo ba, ana ta aikin girbi. Ma'aikacin da ake aikawa ya hau babur ya tafi gidan Bilkisu, ya same ta lafiya lau tana sussuka. Bayan kwana huɗu Suwaibatu ta kama jijjiga a ƙauyensu, aka ɗauke ta ranga-ranga zuwa babban asibiti. Ita Allah Ya yi da sauran kwananta a gaba, amma cikin bai tsaya ba.

Da aka bi sawu aka gano inda kuskuren ya faru, Hajiya Mero ba ta musa ba. Da ƙafarta ta je ƙauyen ta durƙusa a gaban Suwaibatu ta faɗa mata gaskiya, suka yi kuka tare. Daga ranar abinci ya fita ranta. Wani jami'i mai kula da bayanai, Kamilu, ya zo daga ofishin shiyya. Matashi ne mai ƙwazo, ba mugu ba ne, amma ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma yana da dalili. Ya rubuta takarda cewa tsufa ya kama Hajiya, idonta ya yi rauni, a sauke ta daga teburin a mayar da ita gida kafin lokacinta. A ƙauye irin wannan, duk wanda aka sallama haka ba aiki kaɗai ya rasa ba. Sunan da za a riƙa kiranta da shi a bayan ido shi ne matar da ta kashe ɗan Suwaibatu.

A ranar da Kamilu ya zo da takardar ne Malam Abdulganiyu ya iso asibitin a kan zagayensa. Ya saurari labarin duka yana jujjuya dabino a hannu bai ci ba. Sannan ya ce, "Yallaɓai, alfarma nike nema. Ka riƙe takardar nan sati biyu."

Kamilu ya ce, "Baba, kwamfutar lafiyarta ƙalau. Na duba ta da kaina. Ba abin da za ka gyara."

Malam ya ce, "Ni ma ban ce ta lalace ba. So nike in ga yadda suke zama da Hajiya, ita da na'urar. In sati biyu sun cika ban ga komi ba, ni zan rako ka ka miƙa mata."

Don girman furfura Kamilu ya yarda, ya sa takardar a aljihu ya tafi.

Abin da Malam ya yi washegari ya ba ma'aikatan asibitin dariya. Bai buɗe jakarsa ba ko sau ɗaya. Ya ɗauko benci ya zauna a bayan Hajiya, ya naɗe hannu, ya zuba ido tun safe har azahar. Ungozoma ta wuce ta ce ko Malam ma awo ya zo. Shi dai yana kallo. Ya ga duk lokacin da aka kira Hajiya ta tashi, in ta dawo sai ta kai fuskarta daf da allon tana neman sunan nan na sama. Ya ga da hantsi ya yi, rana tana shigowa ta taga ta bugi allon, ɗan layin tokar nan ya ɓace ɗungum. Ya ƙirga sau nawa aka katse ta a wuni ɗaya, ya samu sau talatin da ɗaya.

Bayan sallar Juma'a ya ce mata, "Hajiya, in kin tashi kin dawo, ta yaya kike sanin katin wa ke gabanki?"

Ta ce, "Malam, gaskiya ba ni sani. Addu'a nike yi. Kai ka duba, ko gidanmu na ƙauye, ɗaki shida ne, amma ban taɓa faɗawa ɗakin da ba shi nike nufi ba. In ka ga takalmi a ƙofa ka san mutum shina ciki, ka ma san ko wane ne. Wagga aba kuwa ɗakunanta duk ƙofa guda, ba takalmi, ba sallama. Ka shiga kurum, sai an mutu a ce kai ne." Ta ja gefen mayafi ta rufe fuska.

Malam ya sunkuyar da kai. Daga baya ya faɗa wa wani amininsa cewa a ranar kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Shekara shida yana goge wannan kwamfutar, yana canza mata batir, yana duba solarta, bai taɓa tambayar mai zama a gabanta abin da take gani ba.

Sa'ar da aka yi, manhajar da ke kan kwamfutocin irin wadda kowa ke da izinin buɗe cikinta ya gyara ce. Rashin sa'ar kuwa, ba layin waya balle ya tambayi wani ko ya nemo bayani. Sai ya tare a zauren mai unguwa, ya ari wata tsohuwar kwamfuta da aka jingine a sito, ya shiga buɗe fayilolin da ke tsara kamannin dakalin ɗaya bayan ɗaya. Ya canza lamba ya ga me zai motsa, ya rubuta a littafi, ya mayar. Sau biyu dakalin yana ɓacewa gaba ɗaya allon ya koma fayau. Mutanen da ke wucewa ta ƙofar zauren suna jin sa yana yi wa na'ura faɗa kamar mai korar akuya daga rumbu.

A kwana na shida ya kawo gwajin farko, yana ta fara'a. Ya raba katunan, kowanne da wurin zamansa a kan dakali, ya ba su launi: wanda ake ciki kore, waɗanda aka naɗe rawaya. Da safe abin ya yi kyau. Hantsi na yi rana ta shigo, kore da rawaya suka koɗe suka zama abu guda. Hajiya ta ce, "Malam, ka yi ƙoƙari, amma rana ta shanye maka fentinka." Ya kwashe kayansa ya koma zaure.

A nan ne ya gane launi kaɗai ba zai yi ba, kuma a nan ne ya koma kan maganar da ta yi masa. Ya faɗaɗa dakalin ya ninka tsayinsa. Ya sa kowane kati ya ɗauki sunan mai shi da manyan baƙaƙe, yadda za a karanta daga bakin ƙofa. Katin da ake ciki ya yi masa duhu sosai da farin rubutu, ya fi sauran faɗi, sauran kuwa suka zama farare fes. Wanda aka yi rubutu a ciki ba a adana ba, ya sa masa jan layi mai kauri da ke ƙyaftawa a hankali har sai an adana. Wanda aka rufe da gaske ya tashi daga dakalin gaba ɗaya, don kada a ƙara rikita naɗewa da rufewa. Sannan ya zauna ya zana takalmi ƙafa biyu, ɗigo bayan ɗigo, ya ajiye su a gefen sunan katin da ake ciki. In ka koma wani kati, takalmin ya bi ka can.

Malam gwanin waya da sukundireba ne, amma a zane, Allah Ya ba shi haƙuri kawai. Da Hajiya ta ga abin ta gyara tabarau ta ce, "Wanga silifa ne ko ƙwanson gyaɗa?" Wannan ce dariyar farko da aka ji ta yi tun ranar da aka ɗauki Suwaibatu. Sai da ya sake zanen sau huɗu kafin ta amince takalmi ne.

Sati biyu suka cika ranar Alhamis, ranar awo. Kamilu ya iso da takardarsa a aljihu. Malam ya tarbe shi, ya ce kafin a yi maganar gyara yana roƙon abu ɗaya: Yallaɓai ya zauna a kujerar Hajiya na rabin awa, a kan tsohon tsarin, ya shigar da takardun awon safiyar. Ya riga ya ware kwafin bayanan don gwaji, saboda haka ko an yi kuskure ba wanda zai cutu. Kamilu ya yi murmushi. Mutumin da ya yi digiri a kan wannan aiki, yatsunsa goma duk suna gudu. Ya cire agogo ya zauna.

Babu wanda ya shirya masa tarko, asibitin ne kawai ya yi halinsa. Ungozoma ta leƙo tana neman makullin firjin allura. Wani magidanci ya shigo da sallama yana tambayar katin matarsa. Mai unguwa ya aiko a gaishe da baƙo, dole ya miƙe ya fita ya amsa. Ya dawo ya danna hoton nan guda ɗaya, kati ya fito, ya ci gaba da bugawa cikin sauri. Yana kan takarda ta tara, hannunsa ya kai zai adana, sai ya ji murya a hankali daga bayansa.

"Yallaɓai, dakata. Wannan awon Barakatu ne. Ɗakin Dada kake ciki."

Hajiya Mero ce, ta sunkuyo har mayafinta yana taɓa kafaɗarsa, tana karanta ƙananan baƙaƙen nan na sama. Kamilu ya dubi takardar hannunsa, ya dubi allon, ya sake duban takardar. Ya ɗauke hannunsa daga kan linzamin kwamfutar a hankali. Ana jiyo kukan jarirai daga baranda.

Malam bai ce ka gani ba, bai ko dube shi ba. Ya sa filash ɗinsa ya ɗora sabon tsarin, ya ce Hajiya ta zauna. Da yatsunta biyu, tana motsa baki, ana kiranta tana tashi tana dawowa, ta shigar da takarda ashirin da shida. Duk dawowa sai ta kalli dakali ta ce, "Ga takalmina nan ƙofar wance," sannan ta rubuta. Kamilu ya bi su ɗaya bayan ɗaya da biro a hannu, bai samu ko guda a ɗakin da ba nata ba.

A nan ya kamata a yi wa Kamilu adalci, domin ba kowane mai muƙami zai yi abin da ya yi ba. Ya ciro takardar daga aljihu, ya yage ta gida huɗu a gaban kowa, ya rusuna ya ce, "Inna, ki yafe mini. Ni minti ashirin na yi a kujerar nan na faɗa ramin. Ke shekara shida kina tsallake shi ba wanda ya sani." Hawaye suka zubo wa Hajiya. Abin da ya faru da Suwaibatu bai goge ba, kuma ba ta taɓa cewa ya goge ba. Amma daga ranar ta daina ɗaukar nauyin ita kaɗai, kuma ƙauyen ya ji abin da ya faru da Yallaɓai kafin la'asar.

Kamilu ya rubuta wata takardar, wannan karon yana neman a ɗora gyaran a duk asibitocin shiyyar. Tunda ba layi, ba yadda za a aika shi ta iska. Malam ne ya ɗauke shi a wuya, a filash ɗin nan mai kama da laya, ya bi asibitocin ɗaya bayan ɗaya a kan babur, daga ƙauyukan Sabuwa zuwa na Faskari har ya dangana da Mabai. Wata uku ya yi yana wannan zagaye, a lokacin da samun man babur ma sai da dabara. Ko ina ya je sai ya fara zama a benci ya kalli mai aikin kafin ya taɓa komai. A wani asibiti a Faskari ya tarar da wani ma'aikaci, Emmanuel, wanda ƙyaftawar jan layin ke sa masa ciwon kai, sai ya tsayar da ita ya mayar da layin ya ƙara kauri. Bai sa sunansa a ko ina ba. Har gobe akwai ma'aikatan da ke zaton daga ƙasar waje kwamfutar ta zo da takalminta, suna mamakin yadda Turawa suka san silifa.

Malam Abdulganiyu, yau kai muke wa magana, ko da yake mun san za ka sunkuyar da kai ka ce an cika surutu. Kai ne ka ga dattijuwa za ta tafi gida da baƙin suna, ka ce a dakata a duba kujerar tukuna. Kai ne ka zauna wuni guda a benci ana yi maka dariya, don kawai ka ga abin da idonta ke gani. Mutane da yawa sun fi ka sanin kwamfuta, wannan kai ma kana faɗa. Amma su da aka ce mutum da na'ura sun saɓa, mutumin suka kama. Kai ka koma ka tuhumi na'urar, ka sa ta buɗe baki ta faɗi abin da ta sani. Dattijon ƙwarai, mai haƙurin zama, mun gode.

Akwai abin da ya faru bayan shekara biyu wanda Malam bai gani da idonsa ba, sai labari aka kai masa. Suwaibatu ta sake samun ciki, ta dawo awo asibitin nan, ta miƙa katinta ga Hajiya Mero da hannunta. A wata na takwas jininta ya sake hawa. Ungozoma ta rubuta, Hajiya ta karɓi takardar. Aka kira ta waje, ta fita ta dawo. Ta kalli dakali. Takalmin yana ƙofar wata daban, sunan Suwaibatu kuwa yana gefe da manyan baƙaƙe, fari fes, yana jira. Ta danna shi, takalmin ya koma can, ta rubuta. Kwana uku suka cika Suwaibatu ba ta dawo ba, ruwa ya cinye hanya. Ma'aikaci ya hau babur, ya tura shi a inda ya ƙi tafiya, ya yi sallama a ƙofar gidan da ya dace. Yarinyar da aka haifa yanzu tana gudu a tsakar gida, kuma ba ta san akwai wani mutum a Ketare mai suna Abdulganiyu ba.

Hajiya Mero ta cika shekarunta uku cif, ta ajiye aiki da mutuncinta, aka yi mata walima da shinkafa da kaji. Ranar da ta ji Malam shi ma ya ajiye, ta shiga mota tun daga Damari, ta yi canji biyu a hanya, ta sauka Ketare da ƙunshi a hannu. Ta same shi a zaure yana gyaran rediyon wani maƙwabci, domin hannun bai san an yi ritaya ba. Bayan an gaisa ta tura masa ƙunshin. Ya kwance, sai ga takalmin fata sabo, ɗinkin hannu.

Ya ce, "Hajiya, mi ya kai ki wannan wahala? Ai ina da takalmi."

Ta ce, "Wanga ba na yawo ba ne, Malam, ka yi yawon ya isa. Na ƙofa ne. Ka aje shi nan bakin zaure, duk wanda na'ura ta rikita ya gani ya san kana ciki." Ta ƙara da cewa, "Kuma ka duba shi da kyau, ka ga yadda takalmi yake. Ba kamar gyaɗarka ba."

Malam ya yi dariya har ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da gefen riga, fiye da yadda gilashin ke bukata.

Ga masu tasowa, waɗanda yau suke riƙe da kwamfutocin asibitocinmu da makarantunmu da ofisoshinmu, roƙonmu kaɗan ne. In an ce wani ya kasa aiki da na'ura, kafin ku rubuta takarda a kansa ku ja benci ku zauna a bayansa wuni ɗaya. Ku tambaye shi me yake gani, ku kuma saurari amsar ko da da misalin ɗakin ƙauye ya ba ku ita. Ɗan layin da ku kuke gani sarai a ofis mai labule, wata tana can rana ta bugi allonta, mata arba'in suna jiranta a baranda.

Malam, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiyar cin hutunka, Ya sa abin da ka yi ya tarar da kai a inda ake bukatarsa. Matan da aka bi har gida a kan lokaci ba su san sunanka ba, to mu mun sani, mun kuma faɗa. Wanda duk hanya ta bi da shi Ketare, ya tambayi gidan mai gyaran kwamfuta. In ya ga takalmin fata a bakin zaure, ya yi sallama ya shiga ya ce masa an gode. Yana ciki.